Watan da Ni Kaɗai Na Gani

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina, kamar yadda ya yi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Da rana zafi ya gasa mutum, da la'asar hadari ya taso daga gabas ya yi ta cika baki, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ranar ashirin da tara, da magariba ta kawo jiki, na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na fita ƙofar gida, nan Kara-Kara, na fuskanci yamma. Na dubi layinmu daga wannan kai zuwa wancan, ban ga mutum guda da ya ɗaga kansa sama ba. Kowa ya duƙufa a kan salula yana jiran Yamai ta faɗa masa ko gobe Sallah ce. Kanawan da ke da shaguna a bakin titi kuwa tuni sun fara cewa can wajensu an gani.

Jikata Nana ta leƙo riƙe da kofin ruwan galas mai ƙanƙara, ta ce, "Kaka, ki shigo mana. Wa ke neman wata da ido yanzu? Ai za a sanar."

Na ce, "Shi mai sanarwar da ƙafa yake gani?"

Ta yi dariya ta koma ciki. Ban bi ta ba. Yarinyar ba ta san abin da neman wata ya taɓa ja mini ba, kuma ban ga laifinta ba, don ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarin ba.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ta bi babban fari. A daminar da ta gabace ta gero bai kai gwiwa ba ya ƙone a tsaye. Rumbunan ƙauyenmu, can yamma da Tirmini, an share su har ƙasa tun kafin sanyi ya wuce. Maza da yawa suka yi kudu cin rani, mijina yana cikinsu. Ya kai ni gidan mahaifina ya ce zai dawo in ruwa ya sauka. Yayana Mamman shi ma ya mai da matarsa gidansu, don kowa ya ci talaucinsa inda aka yanke masa cibiya. Iyarmu ta daɗe da rasuwa. Muka zama mu uku a gidan: ni Tsahara, da Yaya Mamman, da Baba.

Abincinmu dilo ne, wato 'ya'yan anza, wani ɗan itacen daji. Wanda bai taɓa cin dilo ba kada ya zo yana yi mini labarin yunwa. Da sassafe nake fita daji da ƙwarya in tsinko anza, tun muna samunta a bayan gari har sai da ta koma tafiyar rabin yini. In na dawo in ɓare, in shanya, sannan in jiƙa. Ɗacinsa ba ya fita sai ya kwana uku ko huɗu a ruwa ana sauya masa, ga shi ruwan ma sai an bi layi a rijiya, guga ta sauka ta fito da rabin laka. Kullum tukwane huɗu ne a jere a gindin danga, na yau da na jiya da na shekaranjiya da wanda ya isa dafawa. In ka yi gaggawa ka ci wanda bai isa ba, cikinka zai ba ka labari. Wani lokaci a kawo jar dawar taimako a kamiyo, babbar motar kaya, har Tirmini, Yaya Mamman ya je ya yini a rana ya dawo da abin da bai fi tiya biyu ba, wato kwanon awo biyu. Wannan ita nake dakawa har da dusarta in dama kunu tsararo, a sha ruwa da shi, a ajiye saura don sahur. Gero kuwa akwai shi a gidan, amma na iri ne, a cikin tulu an liƙe bakinsa da laka. Ko kallon wajen ba ma yi.

Haka azumi ya same mu. Mutane suna cewa ai mu tun kaka muke azumi, yanzu ne dai za a fara rubuta mana lada. Zafin kuwa ba a magana. Kafin azahar yawu ya ƙafe, harshe ya manne a dasashi, yashi ya ƙi takuwa. Maza su kwanta a ƙarƙashin itacen bedi kamar an zubar da su, ba mai motsi sai ƙuda.

Baba sunansa Ilu, amma duk yankin Ilu Mai-wata ake ce masa. Shekaru da yawa shi ne ɗaya daga cikin mutum biyun da Liman ke karɓar shaidarsu a kan ganin wata. Ya san inda wata zai tsaya a kowane lokaci na shekara kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Ya so ya koya wa Yaya Mamman, sai dai Yaya ba shi da haƙurin tsayawa yana kallon wuri guda. Ni ce mai maƙale masa, don haka ni na kwashe. Tun ina ƙarama yake kai ni bayan dangarmu, inda wani gawo yake tsaye shi kaɗai ta yamma, ya ce, "Kada ki nemi wata a duk sama, za ki gaji. Ki san inda rana ta faɗi, ki auna da tafin hannunki, ki tsaya nan." A shekarar da nake magana yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa. Abokin shaidarsa kuma ya rasu.

Taurin kai kuwa nasa daban ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu bai taɓa shan azumi ko guda ba, ba a tafiya ba, ba a ciwo ba, kuma kowa ya san da haka don ba ya gajiya da faɗa. A azumin nan ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Ranar ashirin da uku ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci. Ranar ashirin da bakwai ya sake faɗuwa, aka yi ta yi masa fifita har la'asar kafin ya gane mutane. Liman da kansa ya tako har gida, mutum mai sanyin hali, ya zauna kusa da shi ya ce, "Malam Ilu, Allah ya yi maka rangwame. Ka sha ruwa, in ka warke ka rama."

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, rangwame na marasa lafiya ne. Ni yunwa ce ke damuna, ita kuwa duk garin nan wa ba ya da ita? In na sha sai kowa ya sha."

Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi na ƙi yi masa magana yini guda. Duk a banza. Abu ɗaya ne kawai zai sa ruwa ya wuce maƙogwaron Baba da rana, shi ne a ce yau Sallah, ranar da azumi ya haramta. Na fara ƙirga kwanaki kamar mai jiran haihuwa. In watan ya yi ashirin da tara, Baba ya tsira. In ya cika talatin, ban ga yadda zai kai ba.

Ranar ashirin da tara ta zo da wani irin zufa mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Tun la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, yamma ma gajimare ya lulluɓe ta. Maza suka hau tudun bayan gari kamar yadda aka saba, suka tsaya suna dubawa. Mata ba sa zuwa can, don haka na zaga bayan dangarmu na tsaya a wurina. Gawo ya riga ya zubar da ganyensa kamar yadda yake yi in damina ta zo, rassansa tsirara. Rana ta faɗi a bayan gajimare, na riƙe wurin da jan ya fi ƙarfi. Sai iska ta taso, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa. Na hango mazan suna gangarowa daga tudu da sauri suna riƙe da huluna, aka kira salla. Ni ko ruwa ban kai bakina ba, na ƙi matsawa.

Iskar ce ta yaga gajimaren. Wata 'yar kafa ta buɗe hagu da gawon, sama ta yi fes a cikinta, sai ga shi. Siriri ne kamar ɓawon farce. Na murza idona na sake dubawa, yana nan. Na auna da hannu yadda aka koya mini. Na karanta Fatiha sau uku ina kallonsa, sannan na buɗe baki na yi ihu, "Ga wata! Ga wata!" Iska ta kwashe muryar. Kafin wani ya fito gajimare ya rufe, ko alama babu.

Da gudu na isa ƙofar masallaci, mayafina a hannu. Maza sun idar da salla suna zaune suna kurɓar kunu. Ban taɓa tsayawa gaban taron maza na yi magana ba sai ranar. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, na ga wata."

Duk suka juyo suna kallona. Sai wani daga baya ya ce, "Yunwa ce. Ni ma jiya na ga akushin tuwo yana yawo a sama." Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ai ubanta take son ceta, kowa ya sani." Yaya Mamman ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Liman bai yi dariya ba. Ya aika wurin wani Bakano mai sayar da garin rogo, wanda shi kaɗai ke da rediyo a garin. Aka kunna, pil, wato batir, ya yi sanyi, ba abin da ke fita sai ƙarar tsawa. Sannan ya dube ni ya ce, "Tsahara, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma watan Sallah ba ya tabbata sai da shaidar maza biyu adalai, ko jama'a mai yawa. Ko namiji ne ya gani shi kaɗai, ba za a sauke azumin gari a kansa ba, kuma shi kansa ba zai ci a bainar jama'a ba. Gobe azumi."

Gaskiya ya faɗa, haka littafi ya ce, kuma har yau ban riƙe shi a zuciya ba. Amma na tashi daga wurin cike da baƙin ciki. Na koma gida na faɗa wa Baba yadda aka yi. Da sahur ya kurɓi kunu sau biyu ya ɗaura niyya.

A daren ruwa ya sauka, ruwan shuka na sosai, wanda muka shekara biyu muna jira. Na jera duk wata ƙwarya da tukunya a tsakar gida suka cika. Gari ya waye ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta har cikin ƙirji, kwaɗi suna ta kuka a fadama. Ƙasarmu yashi ce, in ba ka shuka yau ba gobe ta sha ruwanta ta bar ka. Tun kafin rana ta fito gari ya ɗauki hayaniya, kowa da sunguminsa a kafaɗa. Yaya Mamman ya fasa lakar bakin tulu ya juye irin a ƙwarya. A gidanmu Yaya ne mai sara, Baba ne mai zuba iri yana rufewa da diddige, haka aka saba tun ina goye. Sai na ga Baba ya lallaɓa ya miƙe, ya dafa sanda, ya ce a miƙo masa ƙwaryar. Gonarmu tana da nisa, kuma rana bayan ruwa ta fi kowace rana cizo. Na dubi ƙafafun nan nasa na san in ya fita da su, a kan kafaɗun mutane zai dawo.

Na ɗebi ruwan sama a ƙwarya na je na tsaya a bakin zaure, na tare hanya.

Yaya Mamman ya ce, "Matsa mana, rana na yi."

Na ce, "Baba, ka saurara da kyau, tunda ba ka gani." Na ce bisimilla da ƙarfi, na kafa kai na sha. Na sha har sai da maƙogwarona ya yi ƙarar da ko kurma zai ji.

Yaya ya saki sungumi. "Inna lillahi! Kin san abin da kika jawo wa kanki? Wata biyu a jere, Tsahara! Kaffara!"

Na goge bakina na ce, "In ƙarya na yi, na ɗauka, har da abin da ya fi kaffara. Ni dai na ga wata, kuma ba zan yi azumi ranar Sallah ba don wani ya yi mini dariya."

Baba ya juyo wajena yana dafe da sanda. Sannan ya ce, "Dama da gawon ya fito, ko?"

Na ce, "A'a, Baba. Hagu."

"Nisansa da inda rana ta faɗi?"

"Tafin hannu guda sama, da ɗan ƙari. Ya karkata kudu kamar yatsa uku."

"A kwance yake daidai, irin na farkon azumi."

"Ba daidai yake ba. Ƙahon arewa ya fi tashi. Na kudu ya yi ƙasa, kamar an karkata ƙwarya za a tsiyaye ruwa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jingine sandar a bango, ya miƙo hannu biyu ya ce, "Ba ni."

Na tallafe masa ƙwaryar ya kafa kai. Ina jin ruwan yana sauka, ina kuka, ban ma san ina yi ba. Azumin shekara hamsin da wani abu ba fashi, ya ajiye shi a kan maganata. Da ya gama ya yi hamdala ya ce, "Ɗauko mini farar rigata da buzuna."

Na ce, "Baba, Liman ya ce ba a ci a bainar jama'a."

Ya ce, "Ni ba sata na yi ba."

Ya sa riga, ya sa hula, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, a bakin hanyar da kowa ke bi zuwa gona, ya ajiye ƙwaryar ruwa a gabansa yana kabbara ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya ji takunsa sai ya ɗaga murya ya ce, "Barka da Sallah!" Wasu suka yi salati, wasu suka wuce kamar ba su ji ba. Mutumin nan mai akushin tuwo ya tsaya ya ce, "Haba Baba Ilu, da girmanka mace za ta sauke maka azumi?" Baba ya ce, "Wanda ya koya mata gani ne ya sauke. Wuce gonarka, Allah ya ba da sa'a."

Ni na karɓi ƙwaryar iri na bi Yaya Mamman. Yana gaba yana sara, ina baya ina zubawa ina rufewa, shi da azumi ni babu. Haka muka yi tun safe har la'asar. Mun shuke gonar kaf, ya dawo leɓɓansa sun tsage. Muka tarar da Baba a zaune inda muka bar shi, ya shanye kunun da na ajiye masa, har yana hira da 'yan awakin maƙwabta.

Da magariba sama ta wanke tas, duk gari ya ga wata, ya yi sama ya yi kauri. Wasu suka fara ƙus-ƙus cewa wannan na kwana biyu ne. Liman ya ce girman wata ba hujja ba ne, kuma nan ma gaskiyarsa. Daga baya muka ji wasu garuruwa sun yi Idi ranar da muka sha, wasu kuma sun cika talatin kamar ƙauyenmu. Maganar ba ta taɓa yankewa ba. A bakin rijiya mata suka laƙaba mini Tsahara Mai-ido, in na doso sai wata ta ce, "Ku gyara, ga mai gani har hanji." Wasu sun daina gaishe ni har kaka. Ban sunkuyar wa kowa da kai ba, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Kwana uku bayan Sallah Liman ya sake takowa. Ina bayan danga ina sauya wa dilo ruwa, ina jin komai. Ya ce, "Malam Ilu, na zo mu rufe maganar nan. Kowa ya san ba ka da lafiya. Mu ce ciwo ne ya sa ka sha. Ba kaffara, ba komai, kwana ɗaya za ka rama in ka ji ƙarfi, bakin mutane ya mutu."

Baba ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam. Amma ba don ciwo na sha ba. Sallah na yi."

"Kwana ɗaya ne fa kacal."

"In na rama shi, na tsaya gaban gari na ce 'yata maƙaryaciya ce. Wannan kwana ɗayan ya fi ƙarfina."

Liman ya yi addu'a ya tashi. Baba bai rama ba, ni ma ban rama ba. Kumburin ya saɓe da aka fara samun tafasa da sabon ganye, ya ci geron wannan shuka, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Duk wanda ya tambaye shi, cewa yake bai taɓa shan azumi ba a rayuwarsa.

Ranar dai, bayan Liman ya fita, Baba ya kira ni. Na zo na durƙusa, hannuna duk ɗacin dilo. Ya juyo da fararen idanun nan nasa wajena ya ce, "Tsahara, tsakaninki da Allah. Da ba ki gan shi ba fa?"

Na so in yi shiru, amma ban taɓa iya ɓoye masa komai ba. Na ce, "Da na ce na gani, Baba. Wallahi da na ce."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya lalubo kaina ya dafa.

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na tambaye ki ƙahonninsa."